Kaset Mai Hoton Fitila

Shafi na 17

Na ga saƙonninku. Masu cewa Auta ta cika zargi, da masu cewa ta yi sanyi da yawa, kowa ya gyara zama.

*

Jakar Mama tana bakin ƙofar falo tun da hantsi. An zuge ta, an ninke mayafi an ɗora a kai, ta zauna kamar baƙuwa mai jiran mota. Duk sanda Auta za ta wuce sai ta kauce mata.

Gobe da safe mutumin zai tafi da Mama.

Ya ce akwai likitan ido a garin da yake zaune, wanda zai cire mata yanar da ta rufe mata gani. Mama ta amsa tun bai rufe baki ba. Me zai hana ta amsa? Ɗanta ne na fari, Dogo, wanda ya ɓata yana yaro ko gemu bai fara ba, ya dawo da furfura a gefen kunne. Haka mutumin ya ce. Haka Mama ta ce bayan ta shafa fuskarsa da hannu biyu. Haka maƙwabta suka ce, suna shigowa barka suna share hawaye, har da waɗanda ba su tare a layin ba sai bayan ɓatan.

Auta ce kaɗai bakinta ya ƙi. In ta ce masa "Yaya", da ƙyar kalmar take fita.

Kuma ba ta kama shi da kuskure ko ɗaya ba. Ya san ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa. Ya san marigayi Baba yana ɓoye alewa a aljihun rigar aikinsa. Ya san kyanwar da suka binne a bayan tankin ruwa. Duk tarkon da ta kafa masa tsallakewa yake yana murmushi, ita kuma ta koma ɗaki tana jin kunyar kanta.

Saura abu ɗaya.

Da Mama ta shiga ɗaki ta kwanta bayan abincin rana, Auta ta buɗe sito. Ta rungumo tsohuwar talabijin mai ƙatuwar ƙeya, ƙura ta ɓata mata gaban riga, ta dire ta a kan ɗan teburin falo. Ta koma ta ɗauko wani kwali da aka ɗaure da tsumma.

Mutumin yana kan doguwar kujera yana ɓare lemo. Ya dubi talabijin ɗin, ya yi dariya.

"Ikon Allah. Wannan gawar tana nan?"

"Mama ba ta bari a zubar da abin da ka taɓa."

"Me za ki yi da ita?"

"Wasa za mu yi."

"Da girmanmu?"

"Gobe za ka ɗauke mini uwa. Ka ba ni yammacin nan mana, Yaya."

Ta kwance kwalin. Na'urar wasan ta fito, farin jikinta ya koma launin tsohon haƙori. Ga wayoyinta a cukurkuɗe. Ga hannun wasan guda ɗaya tal, madanninsa na dama ya goge har ya yi santsi, daidai inda babban yatsan Dogo yake zama. A ƙasan kwalin, kaset ɗin. Takardar jikinsa ta ɓare, sai hoton fitila a hannun wani ɗan tafiya da ya rage.

Wasan Fitila suke ce masa. Ba su taɓa damuwa da sunansa na gaskiya ba.

Dariyar mutumin ta tsaya. Ya ajiye lemon a kan faranti, ya goge hannu a wando.

Auta ta ɗaga kaset ɗin za ta hura masa iska.

"Kada ki hura," ya ce. "Yawu ke shiga, shi ke sa tsatsa."

Ta dube shi. Ta hura duk da haka.

Ta cusa shi, ta kunna. Fuskar talabijin ta yi tartsatsi, ta cika da layuka kore da ja. Ta kashe, ta sake. Haka dai.

"Kin manta aikinki," ya ce. "Sai an danne shi. Ke ce mai dannewa. Mu zaunar da ke ki ɗora yatsa a kan kaset har ya yi sanyi, in kika motsa ki sha rankwashi."

Gaskiya ne. Ta yage gefen kwalin, ta ninke, ta cusa a gefen kaset ɗin ya matse.

Sai kiɗan ya tashi.

Ba ta shirya masa ba. Siririn sauti ne, kamar ana busa sarewa a ƙarƙashin ruwa, wani mai kauri yana bin sa a baya a hankali. Falon ya sauya. Labulen nan dai, kujerun nan dai, amma sai ta ji kamar in ta waiwaya za ta ga takalman makaranta a zube a bakin ƙofa, ta ji Baba yana tari a tsakar gida.

Mutumin ya rufe ido.

"Wanda ya yi kiɗan nan ba shi da tausayi," ya ce a hankali. "Na'urar da ko muryar mutum ba ta iya fitarwa, amma ya sa ruwan sama a cikinta. Na yi shekaru ina jin sa in na kwanta."

Auta ta danna. Wuri ɗaya kacal wasan yake da shi na ajiye tafiya. Tun da ta tuna da kwalin take fatan ta ga inda Dogo ya tsaya ranar ƙarshe, wane gari ya kai, da wa da wa yake tafe. Ko ba komai ta tambayi mutumin nan kafin hoton ya bayyana.

Wurin ya buɗe. Baƙi ƙirin. Ba suna, ba gari, sai wani ɗan farin layi yana ƙyaftawa.

"Ina tafiyar take?"

"Ta mutu," ya ce. "Akwai ɗan batiri a cikin kaset ɗin, kamar maɓallin riga. Shi ke riƙe komai. Ranar da ya ƙare, duk inda aka je, duk wanda aka ceto, sai ya zama kamar ba a taɓa yi ba. Babban aibin wasan ke nan. Sun gina duniya guda sun jingina ta a kan maɓallin riga."

Ta daɗe tana kallon layin nan mai ƙyaftawa. Shekarun nan duk Mama tana hana a taɓa kwalin, ashe abin da ke ciki ya tafi tun tuni, shiru, ba wanda ya ji fitarsa.

Ta miƙa masa hannun wasan.

"To mu fara daga farko. Karɓi."

Ya ɗaga mata hannunsa na dama. Yatsu biyu a lanƙwashe suke, ya ce inji ne ya kama su a wani wurin aiki.

"Da me zan danna? Da hanci?"

"Yayana ko da ƙafa aka ce ya buga zai buga."

"Yayanki ya tsufa, Auta. Buga ke, in yi kallo. Ai kin daɗe kina kukan a ba ki."

Ya tsallake wannan ma. Ta ji kamar ta yi jifa da hannun wasan. Ta zauna a ƙasa, ta harɗe ƙafa a gaban talabijin, a tsakiya, inda ba a taɓa barin ta zauna ba.

Ɗan tafiyar ya bayyana a ƙauyensu, fitila a hannu. Aikinsa ya kai ta wani birni da ruwa ya cinye kafin ta mutu. Auta ta tura shi gaba.

"Kai, wannan tafiya!" ta ce. "Haka yake jan ƙafa dama?"

"Haka yake. Kamar wanda aka aika wurin da ba ya son zuwa. Duniya na nutsewa, shi yana yanga."

"Ba madannin gudu?"

"Sai can gaba za a ba shi takalmi. In kin kai can kin riga kin haƙura da rayuwa."

Ta fita daga ƙauyen. Ba ta yi nisa ba hoton ya yi walƙiya, dodo ya tare hanya. Ta kashe shi. Ta ɗan taka, wani ya fito. Ta kashe. Ta ɗan taka, wani.

"Wai daga ina suke fitowa? Fili ne fa fetal, ba ko bishiya."

"Daga zaluncin masu wasan. Kuma duba da kyau, dodo ɗaya ne. Fenti kawai suke sauya masa. Koren talaka ne, shuɗin ya ɗan ci ya ƙoshi, jan kuma ki yi ta kanki."

Dariya ta kufce mata. Ta tsani kanta a kan haka.

"Amma jira ki ga mai magani," ya ce. "Yarinyar da za ta bi ku a gari na gaba. Taki ce. Mun ba ki ita don ki daina kuka."

"Wadda iska ke kashewa."

"Ita fa. Ko harara dodo ya yi mata sai ta faɗi. Ke kuma ki ɓare baki, Mama ta leƙo daga kicin ta ce wa ya taɓa mata Auta."

"Amma ba ta tashi in ta mutu a gada."

"A'a. Nan kam ba ta tashi." Muryarsa ta sauka. "Abin da ya sa wasan ya fi sauran ke nan. Sauran duk ƙarya suke wa yara, a mutu a tashi, a mutu a tashi. Wannan in ka rasa mutum ka rasa shi. Ka shiga masauki ka ga gadonsa a shimfiɗe ba kowa. Kuma ba wanda zai ce maka komai a kai, mutanen gari suna ta maimaita maganarsu ɗaya kamar ba abin da ya faru."

Auta ba ta waiwaya ba. Tana kallon inuwarsa a gilashin talabijin, a bayan ɗan tafiyar, fuska ba ta fito sosai ba.

Wasan na mutum ɗaya ne, su kuwa su uku ne a lokacin. Shi ya sa suka raba aikin. Dogo ke riƙe da hannun wasa, don yatsunsa kamar suna da ido. Ita ke danne kaset. Na ukun ɗan gidan da ke bayan nasu ne, wanda kusan a falon nan ya girma. Wasan cike yake da rubutu, ba murya ko ɗaya, Dogo kuwa haruffa rawa suke yi masa a ido, a makaranta ma dukan da ya sha a kan karatu ba kaɗan ba ne. Sai yaron ya riƙa karanta musu, yana mayar da maganar yadda za su gane, yana ba kowa muryarsa. Har suka sa masa Tafinta, sunan ya bi shi. Bayan ɓatan Dogo ba da daɗewa ba iyayensa suka kwashe kaya suka bar layin.

Ita tana ƙarama sosai. Abin da ta fi tunawa da su biyun ƙeyoyinsu ne.

"Ka tuna Tafinta?" ta ce.

Ya gyara zama a kan kujera.

"Wane?"

"Na gidan baya. Mai karanta mana."

"Oho. Mai majinar nan." Ya yi wata 'yar dariya. "Sarkin surutu. Ya cinye mana abinci ya cika mu da iyayi."

"Abokinka ne fa."

"Matsoraci ne," ya ce. Bai yi dariya a wannan ba. "Tun yana yaro matsoraci ne. Bar maganarsa."

Ta ci gaba da tura ɗan tafiyar. Hanya ta hau tudu, ta sauka. Kiɗan ya sauya, ya koma mai sanyi, ruwan sama na 'yan ɗigo-ɗigo ya fara sauka a hoton. Garin farko ke nan. A bakin ƙofarsa wata tsohuwa tana tsaye da sanda.

Auta ta tuna ta. Ita ce ke ba da labarin fitilar, wa ya kunna ta, me ya sa birnin ya nutse, wa aka bari a ciki. Magana ce doguwa, kuma sau ɗaya take yin ta. In aka danna ta wuce, ta wuce ke nan, ba komawa baya. In ka sake yi mata magana sai dai ta ce ka yi sauri, ruwa na tasowa.

Ta sa ɗan tafiyar ya tsaya a gabanta. Rubutu ya fara fitowa, harafi bayan harafi.

Sai ta ji motsi a hagunta.

Ba ta san sanda ya sauko daga kujera ba. Yana zaune a ƙasa, ya matso kusa da talabijin har gwiwarsa tana taɓa ƙafar tebur. Ya karkata kai. Yatsansa na hagu ya tashi, yana bin layin rubutun a kan gilashi.

Ya buɗe baki, muryar da ta fito ba tasa ba ce. Muryar tsohuwa ce, mai rawa, mai jan numfashi a tsakiyar kalma.

"Yaro... zo kusa. Fitilar nan da kake riƙe da ita... ba kai aka fara ba wa ba..."

Auta ta ɗauke yatsa daga kan madannin.

Ta san muryar nan. Ta sha jin ta a mafarki, ta ɗauka ta wasan ce. Sai yanzu ta tuna wasan ba shi da murya.

Ta dubi inda yake zaune. Hagu, kusa da gilashi. Dogo bai taɓa zama a nan ba. Dogo tsakiya yake zama, ya miƙe ƙafa, yana karkaɗa gwiwa don haƙurinsa kaɗan ne, kuma duk sanda aka zo wurin tsohuwar nan abu ɗaya yake yi.

Ta ɗora babban yatsanta a kan madannin da ya goge.

Ta danna.

Rubutun ya wuce, wani ya fito.

"...akwai wanda ya riga ka, shi ma..."

Ta danna.

"Ke, a hankali."

Ta danna. Ta danna. Ta ci gaba da dannawa da sauri, ƙas ƙas ƙas, tana karkaɗa gwiwa, maganar tsohuwa tana ɓallewa tana gudu kafin a kama ko kalma ɗaya.

Ya kai hannu ya bugi cinyarta ba tare da ya ɗauke ido daga gilashin ba.

"Kai Dogo, tsaya mana! Ban gama karan..."

Ya tsaya.

Yatsansa yana nan a kan gilashin. Bai sauke shi ba.

Kiɗan ya kai ƙarshe, ya koma farko. Ruwan sama yana ta sauka a kan tsohuwar.

Auta ta ajiye hannun wasan a ƙasa a hankali, kamar ƙwai.

"Me ka ce?"

"Suɓutar baki ce."

"Me ka kira ni?"

"Auta, na gaji, kin san tunanin da..."

"Mutum ba ya suɓutar baki ya kira kansa."

Ya sauke yatsan. Ya bar tabo a ƙurar gilashin.

"Juyo in ga fuskarka," ta ce.

Bai juyo ba.

"Shi ya sa ka san ƙofa. Shi ya sa ka san alewar Baba. Har kyanwar, ai kai ka haƙa ramin." Ta nuna shi da yatsa. "Ka ci a kwanonmu. Mama ta yi maka wanki tare da nasa. Tafinta."

Kafaɗunsa suka sauka, kamar an zare masa wani abu daga baya.

"Rage murya."

"Kada ka ce mini rage murya a gidan ubana!"

"Don Allah. Za ki tashe ta."

"In tashe ta mana! Ta ji wanda take kira ɗanta! Makauniya ka samu, ko? Ka ga ba ta gani, Baba ba ya raye, ni kuma ina ƙarama lokacin, ka ce bari in shigo in sa rigar mamaci?"

"Ba haka ba ne."

"Ina za ka kai ta?"

Ya ci gaba da kallon gilashin.

"Na ce ina za ka kai mini uwa?"

"Ba zan cutar da ita ba. Na rantse miki da..."

"Ina yayana?"

Sai a lokacin ya juyo. Idonsa ya yi ja, leɓensa na ƙasa yana motsi. Ta ga yaron a cikin fuskar, yaron da yake laɓewa bayan Dogo in manyan yara sun tare su a layi. Ta rasa yadda aka yi ta yi makonni tana kallonsa ba ta gan shi ba.

Ta miƙe, ta fizgi wayarta daga kan kujera.

"Ka yi wa 'yan sanda bayani."

"Auta, tsaya. In kika kira su kin rusa komai."

"Dama rusawa zan yi."

"Ajiye wayar nan."

Ba shi ya faɗa ba.

Mama tana tsaye a ƙofar ɗakinta, hannu ɗaya a jikin bango, ɗankwalinta ya zame. Fararen idanunta suna kallon wani wuri tsakanin su biyun.

Auta ta ruga ta riƙe ta.

"Mama, ba shi ba ne. Wallahi ba Yaya ba ne. Tafinta ne, ɗan gidan baya. Yanzu ya..."

"Na ji. Kiɗan nan ko matacce ya tasa."

"Mama, kin ji abin da na ce kuwa? Ba ɗanki ba ne."

"Ni na haifi ɗan, ke za ki gaya mini?" Mama ta zare hannunta. "Ido na rasa, ba kunne ba. Yaron da ya yi shekaru a falona yana mini muryar tsofaffi da ta dodanni ina tsaye a kicin, shi zan kasa ganewa? Tun da ya yi gyaran murya a bakin ƙofa na san ko wane ne."

Auta ta ja da baya.

"Kin sani?"

"Kai ni kujera."

Tafinta ne ya tashi ya kama gwiwar hannunta, ya zaunar da ita. Ya yi shi kamar wanda ya saba. Auta tana tsaye a tsakiyar falo, waya a hannu, kamar ita ce baƙuwar.

"Kin shafa fuskarsa a gabana," ta ce. "Kin yi kuka. Kin ce ɗanki ya dawo."

"Kukan na gaske ne."

"Kin bar ni ina ce masa Yaya."

"Bai zo da ƙarya ba," in ji Mama. "Da sunansa ya zo, kina wurin aiki. Ya faɗi abin da ya kawo shi. Ni na ce ya zama Dogo har mu tafi. Ya ƙi, na ce in bai yi ba ban yafe masa abincin da ya ci a gidan nan ba."

"Saboda me?"

"Saboda na san halinki. In ɗana ne zai kai ni asibiti, za ki yi gunaguni ki bari. In ɗan maƙwabta ne, sai kin biyo mu."

"To ba sai in biyo ku ba? Laifi ne in raka uwata wurin likita?"

Mama ta juya fuska wajen Tafinta. Shi kuma ya sunkuyar da kai.

"Babu likita," ya ce.

A talabijin tsohuwar tana nan tsaye cikin ruwa. Auta ta ji kiɗan yana shiga mata har cikin haƙora, amma ta kasa matsawa ta kashe.

"In babu likita, ina za ku?"

"Wurin yayanki," in ji Mama.

Auta ta dafa hannun kujera.

"An gano kabarinsa?"

"Wa ya ce miki kabari?"

"Mama..."

"Yana da rai," Tafinta ya ce. "Da idona na gan shi. Na zauna da shi, na ci abinci da shi. Shi ya aiko ni."

Wayar ta faɗi a kan kafet. Auta ba ta ji faɗuwarta ba. Ta toshe baki da hannu biyu.

"Yana da rai? Yaya yana... Yana lafiya? Ya yi aure? Me ya hana shi zuwa da kansa? A'a, bari, kada ka faɗa, zan tambaye shi da bakina." Ta juya wajen ɗakinta, ta dawo, ta sake juyawa. "Ina ƙaramar jakata? Zan kira wurin aiki in ce ba ni da lafiya. Mama, me ya sa za ki ɓoye mini wannan? Wannan ai..."

"Auta," in ji Mama.

"Kaya kala biyu sun ishe ni."

"Auta. Zauna."

Ta tsaya. Ba wanda yake murna a falon sai ita.

"Ba za ki je ba," Tafinta ya ce.

"Kai wane ne da za ka..."

"Ba ni na ce ba. Shi ya ce." Ya sake sunkuyar da kai. "Sharaɗi ɗaya ya kafa mini. Ya ce in kawo masa Mama ita kaɗai. Ya ce in ya hango ki tare da mu, ko daga nesa ne, zai tashi daga inda yake, kuma wannan karon ba wanda zai sake gano shi."

"Ni?"

Ta dafa ƙirji.

"Ni Auta? Ni da yake goyawa ya kai ni makaranta?" Ta dubi Mama. "Mama, gaya masa. Ko haƙoran gaba ban gama sauyawa ba lokacin. Me zan yi masa? Me na taɓa yi masa?"

Mama ta juya fuskarta ga bango. Hannunta yana murza bakin zanenta, yana murzawa.

"Mama, ki yi magana mana!"

Tafinta ya ɗago. Ya daɗe yana duban ta, kamar yana neman wani abu a fuskarta. Da bai samu ba, sai tsoro ya shiga tasa.

"Na ɗauka ɓoyewa kike yi," ya ce a hankali. "Duk makonnin nan na ɗauka kin sani."

"Na san me?"

"Ranar da mutanen da suka ɗauke shi suka zo. Ni na shige bayan kujerar nan. Dogo ya sa sakata, ya ce kada kowa ya motsa."

Ya nuna ƙofar falon, inda jakar take.

"Auta, da gaske ba ki tuna wa ya buɗe musu ba?"